Ed Sheeran ma maroƙi ne

Na san kan maganar nan zai ɓata wa wasu rai, kuma da gangan na sa shi. Wanda ya ji zafi ya tsaya ya tambayi kansa tukuna: kalmar ce ta yi masa zafi, ko kuwa wanda aka liƙa wa ita? Don shekara da shekaru muna liƙa wa mutanenmu ita, ba wanda ya ce uffan.

Ku bi fadojin Bobiel daga la'asar zuwa tsakar dare, za ku ji salula tana waƙa gefen butar shayi. Akwai samarin da in ka taɓo musu Ed Sheeran za su karanto maka tarihinsa kamar hadda. An haife shi a Halifax a 1991, ya tashi a wani ɗan gari mai suna Framlingham, ya sauka Landan yana ɗan shekara 17 da gita a baya, ya kwana kujerun abokai, ya yi waƙa bakin titi, har Allah ya ɗaga shi. Sun san “Shape of You” ta fito a 2017. Sun san ya yi waƙa da Fireboy, ya yi da Burna Boy. Madalla. Ni ma ina saurarensa, ba ni da rigima da bawan Allahn nan. Amma ka juyo ka ce, to Malam Mamman Barka fa? Ɗan wane gari ne? Wane aiki ya yi kafin waƙa? Yaushe ya rasu? Sai ka ga ana sosa ƙeya. Wanda ya fi ƙoƙari cikinsu ya ce maka, “Wanga ai kiɗin tsofaffi na. Na gargajiya.”

Kalmomi biyu nake tuhuma a takardar nan, “maroƙi” da “gargajiya”. Harshe nake karanta, don haka ta harshe zan biyo.

Abin da ake ɗaukaka irin su Sheeran a kansa shi ne wai da kansu suke tsara waƙarsu, da kansu suke rera ta. Turawan Ingila sai da suka haɗa kalma biyu kafin su sami sunan wannan mutum. Faransanci ma ya fi wahala, sai da ya jera uku: auteur-compositeur-interprète. Kun taɓa tambayar dalili? Dalilin shi ne a can an daɗe da raba aikin. Akwai wani titi a Landan, Denmark Street, da ya yi suna don nan masu tsara waƙa da masu sayar da ita suke da ofisoshi. Wani ya zauna ya rubuta, wani ya sa mata kiɗa, a nemo mai murya ya hau. Elton John, duk girman sunansa, Bernie Taupin ne yake rubuta masa baitoci fiye da shekara 50. To a ƙasar da haka ne al'ada, in aka sami mai yin duka shi kaɗai, dole a ƙera masa suna na musamman, a tafa masa.

Hausa ba ta ƙera wannan suna ba don ba ta taɓa buƙatarsa ba. Mawaƙi kawai muke cewa. Ma- a gaba, -i a baya, kamar manomi, kamar maƙeri, kamar marubuci: mai yin abin. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya rubuta wa Shata waƙa, don tambayar ma abin dariya ce. Ɗan Maraya Jos mutum guda ne da kuntigi mai tsirkiya guda, ba ƴan amshi, ba ƴan kiɗa, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa zaman aure waƙa, har ya rasu a 2015. In ba shi ne mawaƙi mai tsara waƙarsa ba, to ban san wane ne ba. Abin da Landan take ba lambar yabo a kansa, a nan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema ga mutum kafin a yarda ya buɗe baki a taro.

Amma da yake muna da wata kalma mai irin wannan gini, ma-roƙ-i, sai muka ɗauke ta muka rufe kowa da ita. Masana sun bambanta makaɗi da mawaƙi da sanƙira da ɗan ma'abba, kowa da aikinsa. Bakin unguwa bai san wannan ba. A bakin unguwa duk wanda ya riƙe abin kiɗa ya karɓi kuɗi, maroƙi ne. Kuma kalmar ba ta tsaya ga bayanin sana'a ba, hukunci ce. Ku je neman aure ku ce yaron mawaƙi ne ku ga yadda fuskar kawu za ta canza. Ku gaya wa tsoho kuna son ajiye karatu ku kama gurumi.

To mu auna Sheeran da wannan mudu, tunda mudu ɗaya ya kamata a yi awo da shi. Mutum ya tsaya bakin hanya yana kiɗa, masu wucewa suna jefa masa ƴan sulalla. Me sunan wannan a Hausa? Ya yi girma, gidan sarautar ƙasarsu ya kira shi a 2017 aka maƙala masa lamba a ƙirji. A watan Yuni na 2022, da Sarauniya ta cika shekara 70 kan gado, shi ne ya tsaya ƙofar fadar Buckingham ya rufe biki da waƙa. Mutumin da yake waƙa ƙofar fada ranar bikin sarauta, mu makaɗin fada muke ce masa. Aikin Narambaɗa ke nan a Isa, aikin Ɗanƙwairo ke nan. Ko dai duka maroƙa ne, ko kuwa duka masu fasaha ne da suke cin abinci da fasaharsu. Ku zaɓi ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in fari ya shimfiɗa hula a titi a ce “gwagwarmaya”, in namu ya karɓi jikka biyar a biki a ce “roƙo”.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita. Za a ce ai namu suna wasa masu kuɗi, suna zuga ɓarayin gwamnati, in ka hana su su yi maka zambo. Gaskiya ne, akwai masu haka, kuma ba na kare su. Amma ku dubi inda kuɗin waƙa yake fitowa. Sheeran ba ya buƙatar wasa wani alhaji, don duk lokacin da aka sa waƙarsa a rediyo, ko a kanti, ko wani ya danna ta a intanet, akwai ɗan abin da yake shiga aljihunsa. Namu fa? Ya kashe kuɗinsa a situdiyo yau, gobe waƙar tana cikin salula dubu, ta Bluetooth, ta Xender, ta WhatsApp, ko dala bai gani ba. Mai tura waƙoƙi a kasuwa ya fi shi cin moriyarta. Muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma a cikinmu nan wa ya taɓa sayen waƙar ɗan Nijar da kuɗinsa? Mu muka toshe masa kowace ƙofa, muka bar masa ta biki da ta ɗan siyasa, sannan muka koma gefe muna ce masa maroƙi. Ka ɗaure akuya gindin dawa ka ce ta cika ɓarna.

Yanzu in koma kan Barka, don shi ne ainihin wanda ya sa na ɗauki biro.

An haife shi a Tesker, can cikin rairayin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Tubu ne, ɗan makiyaya. Ya yi lakwal, ya zama mushe, ya riƙe alli ya koyar da yara, shi ya sa “Malam” ɗin da ke gaban sunansa ba na ado ba ne. Da gurumi ya yi suna, kuma sunan bai tsaya Nijar ba, ya tsallaka Najeriya. Ku tambayi iyayenku “Ameram”. Ku lura da abu guda: Hausa ba harshen da ya sha a nono ba ne. Tubanci da Barbarci dangi ne, amma tsakanin Tubanci da Hausa ba dangantaka ta kusa ko kaɗan, gidansu daban. Mutumin nan ya shigo harshen wasu ya gina waƙa a ciki har masu harshen suka riƙa rera ta a gidajensu. Wanda ya taɓa gwada tsara ko da baiti biyu da Faransanci bayan shekara 15 yana karatunsa ya san nauyin abin da nake faɗi. A 2025 aka rubuta a takardar gwamnati cewa Hausa ce harshen ƙasa, aka yi ta cacar baki. Barka bai jira takarda ba, kuma bai yar da nasa harshen ba don ya ɗauki wannan.

A 2002, lokacin da yake da sunan da zai iya zama ya ci har ƙarshen rayuwarsa, sai ya tattara ya nufi Tabkin Cadi da tallafin UNESCO, ya koma ɗalibi. Abin da ya je nema shi ne biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5, mai siffar kwalekwale, na Buduma masunta. Mutum ɗaya ya rage da aka sani ya iya shi sosai, wani tsoho mai suna Bukar Tar. Barka ya zauna gabansa ya koya, kiɗan da waƙoƙin da harshen. Tsohon ya rasu, biram ya zauna hannun Barka.

Bari in ɗan ratse, don wannan wurin yana burge ni. Buduma sunan da maƙwabta suka sa musu ne, su Yedina suke kiran kansu. Harshensu yana cikin harsuna 10 da dokar 2001 ta amince da su a matsayin harsunan ƙasa, kuma dangin Hausa ne, duka ƴan gidan Cadi ne, ko da yake ɗaki daban. Ke nan Tubu ne ya je ya ceto waƙoƙin ɗan uwan Hausa, mu Hausawa masu yawan nan muna zaune ba mu ma san muna da ɗan uwan ba.

A 2008 Barka ya hau dandalin WOMAD a Ingila, bikin da Peter Gabriel ya kafa, shi ma wani mawaƙin Ingila mai tsara waƙarsa. A 2009 wani kamfanin Landan, World Music Network, ya fitar masa da faifai, shi da makaɗinsa Umaru Adamu. Kun san sunan faifan? “Introducing Mamane Barka”. Ma'ana, ga wani sabo muna gabatar muku. Mutum ɗan shekara 50, wanda kasetinsa suka daɗe da zagaye Damagaram da Maraɗi da Kano. Ban ga laifin Turawan ba, su a wurinsu sabo ne, kuma sun yi abin da mu ba mu yi ba: sun rubuta sunansa, sun rubuta sunan malaminsa, sun sa shekara. Abin da ke ci mini rai shi ne yau a Yamai, garin da ya yi aiki a cibiyar kiɗa ta CFPM Taya, garin da ya rasu a cikinsa a Nuwamban 2018, sai an sake gabatar da shi ga ɗaliban jami'a.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Sa'adu Bori na Maraɗi da Musa Pusi, faifansu “Niamey Twice” a Landan ya fito, wurin kamfanin Stern's, a 1994. Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008. Mamman Sani mai ogan, wanda kiɗansa ya daɗe yana ratsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da tele na ƙasar nan, sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da tsohon kasetinsa a 2013 sannan wasunmu suka san kiɗan nan ashe yana da mai shi. Hamsu Garba ta rasu a 2022, nawa ne cikinmu za su iya rubuta shafi guda a kan rayuwarta ba tare da sun buɗe shafin Faransanci ba?

A nan kalma ta biyu take shigowa, kuma ita ta fi ta farko mugunta don tana zuwa da fara'a. Mai cewa “maroƙi” raini yake yi a fili. Mai cewa “gargajiya” yana ganin girmamawa yake yi. Shi ne wanda ranar bikin al'adu zai naɗa rawani, ya rataya takobin aro, ya hau mumbari ya ce a kare “kiɗanmu na gargajiya”. Ku tambaye shi wa ya tsara waƙar da aka sa kafin ya hau. Bai sani ba, kuma bai ga dalilin sani ba, don a tunaninsa abin gargajiya ba shi da mai shi. Kamar karin magana ne, kamar tatsuniya, kowa ya tashi ya tarar. Da ka ce waƙa ta gargajiya ce, ka cire mata suna, ka cire mata shekara, ka cire mata haƙƙi. Waƙar da wani mutum mai suna, mai ƴaƴa, mai kuɗin haya a wuyansa ya kwana yana sassaƙa a 1990, ta zama “gadon kakanni”. Gita ta fi ƙarni nawa a Turai? Ba wanda ya ce wa Sheeran ɗan gargajiya don ya riƙe ta. Gurumi ne kawai in ka riƙe shi kake zama kakan kanka.

Littattafan da muke karantawa ma ba su tsira ba. Sau nawa kuka ga an kawo baiti an rubuta ƙarƙashinsa “waƙar Hausa”, ko “adabin baka”, shi ke nan? A shafi na gaba a kawo layi guda na wani Bafaranshe, a ba ka sunansa, da shekara, da garin da aka buga, da lambar shafi.

Ku dubi abin da ya faru a Landan a 2022. Wani mawaƙi, Sami Chokri, ya ce Sheeran ya ɗebi wani ɗan yanki na waƙarsa ya sa cikin “Shape of You”. Ƴan gaɓoɓi ne da ake maimaitawa, ba su kai baiti ba. Babbar kotu ta zauna kwana 11, da lauyoyi, da masana kiɗa, aka saurari waƙoƙin gaba da baya, alƙali ya ce Sheeran bai ɗauka ba. A 2023 aka sake maka shi a New York kan wata waƙar, har ya ɗauki gita ya kaɗa gaban masu shari'a, ya sake tsira. Ba ina cewa mu ma mu fara kai juna kotu kan “iye” da “ayye” ba. Shi kansa Sheeran kuka ya yi da yawan ƙarar. Abin da nake so ku gani shi ne ƙasar da kotu take ɓata kwana 11 kan ƴan gaɓoɓi, ƙasa ce da ta yarda waƙa dukiya ce kamar gona, tana da iyaka, tana da mai ita. A nan yaro zai ɗauki karin wani mawaƙi sukutum, ya zuba masa kiɗan kwamfuta, ya sa sunansa. In ka yi magana ya ce ai na gargajiya ne.

Kada wani ya ce mini wannan tunanin Turawa ne nake son shigo da shi, wai mu a al'adarmu waƙa ta kowa ce. Ƙarya ne, kuma waƙoƙin da kansu su ne shaida. Mawaƙin Hausa ya fi kowa son a san shi ya yi. Yana ambaton sunansa tsakiyar waƙa, ya ambaci ubansa, ya ambaci garinsu, ya kira makaɗansa ɗaya bayan ɗaya. Bakandamiya gaba ɗayanta mece ce in ba mawaƙi yana buga hatiminsa ba? Malamai masu waƙa da ajami kuwa, a baitocin ƙarshe suke faɗin sunansu, su ƙulla shekarar da suka yi ta cikin ramzi, ta yadda ko an kwafi waƙar sau ɗari sunan da shekarar suna tafe da ita. Ko waƙoƙin biram ɗin da Barka bai tsara da kansa ba, bai ce “na gargajiya” ya yi shiru ba. Ya ce daga Bukar Tar ya karɓo, kamar yadda almajirin zaure yake faɗin wurin wanda ya ɗauki littafi. Sa suna a kan aiki namu ne tun fil azal. Goge sunan ne sabon abu, kuma salularmu ce ta fi kowa iya shi: waƙa ta iso maka da sunan “AUD-0047” ko “tsohuwar waka mai dadi”, ka tura wa mutum goma haka nan.

Ga wani ƙaramin abu da ke nuna girman sakacin. Ku buga sunan Sheeran a intanet, rubutu ɗaya ne duk duniya, kuma kowace waƙarsa an rubuce ta kalma bayan kalma, har da masu sharhin abin da yake nufi. Ku gwada Barka. Mamane, Maman, Mamman, Malam, Mallam, kowa da yadda kunnensa da lakwal ɗinsa suka ba shi, waƙoƙin a warwatse ƙarƙashin suna huɗu ko biyar. Baitocin kuwa, ku nemo mini inda aka rubuta su da Hausa mai ƙugiya, daidai, yadda ɗan aji shida zai karanta. Muna garin da CELHTO take, cibiyar da aka kafa musamman don tattara abin da baki ya riƙe. Muna tsallaka gada kullum zuwa Harobanda muna koyon yadda ake rubuta sauti, da tsawon wasali, da hawa da saukar murya. Sannan lokacin kundin kammala karatu ya zo, mutum ya rasa abin rubutawa, ya je ya kwaso taken da aka yi sau ashirin.

Wannan aikin ba ya jiran minista, ba ya jiran tallafin kowa. Waƙa guda, kunne, biro, da haƙurin mayar da ita baya sau talatin. A sama a rubuta sunan mai ita cikakke, da garinsu, da shekarar in an tabbatar, da sunan wanda ya rubuto. Ɗan littafin nan namu da muke haɗa kuɗin fotokopi muna fitarwa zai iya ɗaukar shafi biyu na irin wannan a kowace fitowa, kuma na fi son in ga haka da in sake ganin wata fassarar waƙar soyayyar Ingila da aka yi da taimakon salula. In iyalan mawaƙin suna raye, a nemi izininsu, a kai musu kwafi.

Na Hausa zan iya, kuma na fara. Amma faifan 2009 akwai Budumanci a ciki, akwai Tubanci, akwai Barbarci, ni kuwa ba na jin ko ɗaya. In takardar nan ta faɗo hannun wani ɗan Diffa, ko ɗan Ngigmi, ko ɗan Tesker, ya nemi ƴan ƙungiya ranar taro ya ce a haɗa shi da mai maganar Barka. Shayin a kaina.